Yadda Na Kai Gayyar Surukata Gonar Haj Ɗahiru

Ba zan taɓa mantawa da kakar riɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau, in na bi ta gaban mai jabana, wato mai sayar da gahawa a ƙofar masallaci, sai wani ya ɗago kai daga kofinsa ya ce, "Ustaz, yau gonar wa za mu?" Ni dai sai in yi murmushi in ƙara sauri, kamar na bar dutsen guga a kan rigar mutane.

Ni tela ne a unguwar Hausawa da ke gefen Gadarif, can inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Karatuna na makarantar gwamnati bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni rubutu mai kyau, shi ya sa ake ce mini Ustaz (rabi girmamawa ne, rabi tsokana, na sani). Duk sanarwar da za a karanta a lasifikar masallaci, ta suna ce ko ta ɗaurin aure ko ta ɓatan jaki, ni ake kawo wa. Da Hausa nake rubutawa, cikin haruffan Larabci, don tsofaffinmu sun fi jin magana ta shige su in an yi ta da harshen gida.

Sai dai ina da wata cuta wadda ba a sayar da maganinta a kasuwa: tsoron kada in ɓata wa wani rai, ko in bar wani abu ban faɗa ba. In na rufe shago sai na koma na girgiza kwaɗon. In na gaida mutum ya amsa a gajarce, sai in yini ina binciken laifina. In ina auna mai son jallabiya kuwa, ina aunawa ina sakewa, har wani dattijo ya taɓa tambayata ko likkafani nake shirin yi masa. To irin wannan mutumin ne aka ba wa sanarwar gayyar surukarsa.

Surukata ita ce mahaifiyar matata Safiya. Tun ranar da aka ɗaura mana aure har zuwa waccan kakar sunanta bai taɓa fita daga bakina ba (kun ga har yanzu alƙalamina kewaye shi yake yi, ku yi haƙuri, za mu zo wurin). Haka muka tarar da iyayenmu suna yi, ni kuma na riƙe abin da hannu biyu, har na ƙara da nawa. Ba na cin abinci a gabanta. In muka haɗu a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe ta ina kallon gefe. 'Yarmu ta fari sunanta aka sa mata, don haka Hajja Ƙarama muke kiranta. Ranar da muka kai ta allurar rigakafi ma'aikaciyar ta tambayi sunan yarinya, sai na kama tari har Safiya ta amsa. Ita ma surukar tawa ba ta kiran nawa sunan. Ko muna zaune a tsakar gida ɗaya, sai ta dubi Safiya ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan an gode da sukari." Safiya ta juyo ta gaya mini, ni kuma in ce, "Ki ce wa Inna ba komai." Haka muke zaune lafiya shekara da shekaru, kuma ni ina son zaman nan.

Mijinta ya rasu ya bar mata gona guda a bayan gari, kuma a shekarar da nake magana riɗi ta shuka. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa. Da ganyen ya yi rawaya ya fara zuba, to 'yan kwanaki ne suka rage. In ba a yanke shi an ɗaure an jingine ba, sai kwanson ya bushe ya buɗe baki, 'ya'yan su zube. Ƙasarmu kuwa baƙar laka ce, da damina ta ɗauke sai ta tsattsage, abin da ya faɗa cikin tsagar nan ya zama na tururuwa. Gonar nan ita ce man girkinta, ita ce sukarinta da maganin ƙafarta na shekara. Ɗanta namiji, Abdullahi, yana can arewa wurin haƙar zinariya, wayarsa ba ta shiga. 'Yan ƙwadago kuma duk sun tafi manyan gonakin wajen Hawata da Mafaza, don riɗin kowa lokaci ɗaya yake nuna. Abin da ya rage shi ne nafir, gayyarmu ta gado: a kira maza su zo da laujensu, mai gona ta ciyar da su.

Ranar Laraba Safiya ta dawo daga gidansu da saƙo.

"Inna ta ce a gaya wa mutumin nan ya rubuta sanarwa, ladan ya karanta bayan Juma'a. Asabar za a yi. Ta ce akuyarta za ta yanka."

Akuyar nan na san ta. Ita kaɗai ta rage mata, har hira take yi da ita in tana ba ta dusa. Da na ji an ambaci akuya na san maganar ba ta wasa ba ce.

Ranar Alhamis na ture keken ɗinki gefe na ɗauko takarda. Bisimilla da salati suka tafi sumul. Da na zo inda za a ce gonar wance, alƙalami ya tsaya.

Na ce a raina, rubutawa ai ba furtawa ba ce. Sai wata zuciyar ta ce, in ladan ya karanta a lasifika kowa ya san hannun da ya rubuta. Ka ɗauki sunan surukarka ka rataya a kan hasumiya ke nan. Na ce to bari in rubuta "surukata". Sai na tuna ladan ne zai karanta, jama'a za su ɗauka tasa surukar ce, wadda ta rasu tun ina yaro. "Surukar tela" fa? A'a, za a ce tallan kaina nake yi, ina so a san ni mai hidimar surukai ne, kuma ba ni kaɗai ne tela a unguwar ba. Sunan marigayi mijinta? Shi ma surukina ne, mutuwa ba ta ɗauke kunya. "Mahaifiyar Abdullahi"? A masallacinmu in ka ce Abdullahi rabin sahu ne zai waiwayo, kuma kamar na tona wa yaron asiri ne, a ce ya bar uwarsa tana neman gayya. Sunan Safiya kuwa, in sa a kira sunan matata a lasifika? Wannan ko zama ban yi da kaina a kansa ba.

Can dabara ta zo mini, har na ji na burge kaina. In ba za a faɗi mai gona ba, ai sai a faɗi inda gonar take. Maƙwabcin gonarta kuwa babu wanda bai san shi ba: Haj Ɗahiru, ɗan kasuwar hatsi, mai tarakta da babbar gona a wajen Hawata, da wata 'yar ƙarama a nan bayan gari, jikin ta surukata. Shi ba surukina ba ne. Sunansa zan iya rubuta shi har takarda ta ƙare. Kuma kusan haka na yi.

Ga abin da na rubuta, don har yau akwai masu karanto mini shi da ka:

"Bayan gaisuwa ga manya da ƙanana, da neman afuwar duk wanda wannan sanarwa ta tsayar alhali yana sauri, ana sanar da jama'a, ba bisa tilas ba, cewa wani gida mai daraja a unguwar nan, wanda ba sai an faɗa ba, yana neman hannu a yankan riɗi. Wanda ya fito daga gari ya nufi gonar Haj Ɗahiru, wurin yana bayanta. Wanda ya biyo ta hafir zai isa kafin ya kai gonar Haj Ɗahiru. Kada a ɗauka gonar Haj Ɗahiru ta Hawata ake nufi, ta nan kusa ce. Ana kuma godiya ga Haj Ɗahiru, wanda bai taɓa hana kowa ratsa gonarsa ba, Allah ya ƙara masa buɗi."

(Na sa "gida" ne maimakon "baiwar Allah" don kada a ce na nuna wa duniya mace mai rauni. Godiyar kuma na ƙara ta ne don kada Haj Ɗahiru ya ji an yi ta kiran sunansa ba a ce masa ko sannu ba.)

Daga nan na shiga maganar rana. Na ce Asabar, wato gobe ga wanda ya ji ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, in ba a yi ruwa ba. In yayyafi aka yi a zo, in mai yawa ne a jira ƙasa ta sha iska. Na nemi afuwar masu ciwon baya, da masu shago, da wanda nasa riɗin ya nuna, da wanda ya yi niyyar zuwa amma wani abu ya taso masa. Maganar a zo da lauje ta faɗo can ƙarshe, a gefen takarda, a kwance, don wuri ya ƙare.

Da na koma gida Safiya tana gaban murhu tana yin kisra, wainar nan tamu ta dawa mai faɗi. Ta ce, "Ka dai sa yadda za a gane gonar Inna ce?"

Na ce, "Na biyo ta gabas, na biyo ta yamma. Ko baƙon da ya sauka jiya zai gane."

Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Da ta ce in karanta mata, da ba ku ji wannan labarin ba.

Ladaninmu, Malam Adamu, dattijo ne mai amana: abin da ka ba shi, shi zai karanta, ba ragi ba ƙari. Na miƙa masa takardar kafin salla. Ya juya ta gaba da baya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ustaz, liman ya san an kawo huɗuba ta uku?"

"Sanarwa ce, Malam. Komai yana ciki."

"Na ga alama."

Ku da kuke zuwa Juma'a kun san yadda ake sauraron sanarwa. Ana sallamewa rabin mutane sun miƙe, wannan yana neman takalminsa, wancan yana gaisawa da wanda ya kwana biyu bai gani ba, masu raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, suna ta hon a waje. Kunne ɗaya ake ba ladan, shi ma aro. Ni kuwa ina jikin ginshiƙi, ina bin kowace kalma da leɓena, ina jin daɗin yadda ban taka kowa ba. Ban tsaya na tambayi kaina me mai neman takalmi zai tafi da shi gida ba. Abin da ya tafi da shi kuwa kaɗan ne: nafir, riɗi, Asabar, da sunan mutum ɗaya tilo da ke cikin takardar, wanda aka yi ta maimaitawa har da addu'a.

A ƙofar masallaci Musa mai raksha ya tare ni. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, ba ya ganina ya ƙyale.

"Ya zol, mutumina, gobe muna nan. Sa za a kayar ko raguna?"

"Akuya ce."

"Akuya? Duk wannan arziki?"

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, har na ɗan ji haushi an yi wa tsohuwa ba'a. Na wuce. Mutane suna ta dafa kafaɗata suna cewa gobe in sha Allahu, har waɗanda ban taɓa gani riƙe da lauje ba. Na koma gida na ce wa Safiya ta ce wa Inna ta ƙara gari, jama'a za su yi yawa.

Asabar da sassafe muka ɗora tukwane da itace da jarkokin ruwa a kan karo, jaki ya ja mu ta hanyar hafir, tafkin da muke ɗiban ruwa, don ta nan taya ba ta kafewa. Ni da Safiya da surukata, da ƙawayenta biyu tsofaffi masu taya girki. Akuya an yanka ta tun a gida. Muka sauka a gindin aduwar da ke gefen gonar, mata suka haɗa murhu. Riɗin yana tsaye, ya yi rawaya gwanin kyau, sai dai in ka sunkuya za ka ga kwanson da ke can ƙasan kara ya fara murmushi. Tsakaninmu da riɗin Haj Ɗahiru akwai dawarsa, ta fi mutum tsayi, ba ka ganin abin da ke bayanta.

Rana ta fito, ba kowa. Rana ta ɗaga, ba kowa. Na je bakin hanya na dawo, na sake zuwa. Daga bayan dawar nan kuwa ana jin hayaniyar maza, ana waƙar aiki, wani yana bayarwa ana amsawa. Na ce a raina, Haj Ɗahiru ya samu 'yan ƙwadago. Har murna na yi masa (Allah ya gani).

Surukata tana zaune a kan tabarma, ta ja tob ɗinta, wato mayafinta, ta rufe rabin fuska, tana kallon riɗinta. Ni ina tsaye kusa, ina kallon jaki. Ta dubi Safiya.

"Ki tambayi mutumin nan, wace Asabar ya rubuta?"

Safiya ta juyo. "Inna ta ce wace Asabar ka rubuta?"

"Ki ce wa Inna ta yau ce. Wataƙila suna jiran raɓa ta ɗauke."

"Ki ce masa raɓa ta ɗauke tun ba a ɗora tukunya ba."

Na ɗauki lauje na shiga gonar ni kaɗai, don tsayuwa ta gagare ni. Hannun da ya saba da almakashi ne, kowane kara sai na daidaita shi kamar zan yanka yadi mai tsada. Ina yanka ina bin zunubaina ɗaya bayan ɗaya. Ko wani na ɓata wa ɗinkin Salla? Ko godiyar Haj Ɗahiru ta yi kaɗan? Ko da na nemi afuwar masu ciwon baya, duk unguwa ta tashi da ciwon baya? Komai na zarga ban da ainihin abin. Kuma duk karan da na taɓa da ƙarfi sai in ji 'ya'yan suna zuba a kan busasshiyar ƙasa kamar yayyafi. Miya ta nuna, an sauke asida, tuwonmu na nan. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce a hankali, amma don in ji, "An yanka akuya a banza." Surukata ta ci gaba da kallon riɗinta. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wajen lokacin fatur, wato kalacin hantsi, sa'ar da cikin ma'aikaci yake fara kiransa, sai dawar Haj Ɗahiru ta motsa. Musa ya ɓullo, gumi sharkaf, lauje a kafaɗa, yana shaƙar iska. Ƙanshin miya ne ya jawo shi.

"Au, nan aka ɓoye abincin? Ustaz, kai da ka tara mutane kana nan kana wasa a gonar tsohuwa, mu muna can tun safe? Mun kusa gama wa Haj."

"Gama wa wa?"

"Haj Ɗahiru mana. Ba shi ka ce ba?"

Ya dubi tukwane. Ya dubi surukata a gindin aduwa. Ya dubi riɗin da ke tsaye. Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa, don bakinsa ya buɗe a hankali, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ko gaishe da Inna bai iya yi ba.

Ban san lokacin da na kutsa cikin dawar ba. Da na ɓulla ɗaya gefen, sai na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Maza cike da gona, fiye da duk gayyar da na taɓa gani a unguwarmu, har da masu shago, har da masu ciwon bayan da na nemi afuwarsu. Riɗin Haj Ɗahiru an yanke shi saura 'yar kusurwa, an ɗaure, an jingine dami-dami, aiki mai tsafta kamar a ɗauki hoto. A bakin gona ga boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta iso yanzu-yanzu. Shi kuma yana tsaye da waya a hannu, mutane sun kewaye shi. Ashe a Hawata ya yi Juma'a, bai san komai ba.

"Haj, ina fatur?"

"Wane fatur? Ni fa kirana aka yi aka ce ana yanke mini riɗi, na taho a guje na ɗauka ɓarayi ne."

"Ɓarayi da waƙa, Haj?"

"To wa ya kira ku?"

Malam Adamu ladan, wanda ya zo da nasa laujen duk da tsufansa, ya nuna ni da haɓa. "Ga mai takardar nan."

Duk suka juyo. Na matso gabansu.

"Jama'a, ma'alesh, a yi haƙuri, an samu ɗan kuskure. Ba wannan gonar ba ce. Ta baya ce."

"Ta wa?"

"Ta gidan nan mai daraja."

"Duk gidajenmu masu daraja ne, Ustaz. Wanne?"

"Ta Hajja."

"Wace Hajja? Unguwar nan kowace tsohuwa Hajja ce."

"Kakar Hajja Ƙarama."

"Ya zol, mun sha rana da yunwa, kai kuma kacici-kacici ka zo yi mana?"

Na kusa da ni wasu sun fara ganewa, na ga suna danne dariya, kuma ba wanda ya taimake ni. So suke su ga inda zan ƙare. Amma na nesa ba su san me ake ciki ba. Abin da suka ji shi ne mai gona ya ce bai kira su ba, kuma babu abinci. Na ga sun fara saɓa lauje a kafaɗa, sun kama hanyar gari. In mutanen nan suka shiga gari ba mai sake fito da su. Gobe kowa yana da nasa riɗin, jibi na surukata yana cikin tsagar ƙasa.

Karo na farko a rayuwata ban yi shawara da kowace zuciya ba. Na taka tayar motar Haj Ɗahiru na haye baya, na haɗa tafin hannu a baki, na buɗe wata murya da ban san ina da ita ba.

"Gonar Hajja Kaltume ce! Kaltume ta Malam Isa! Tana bayan dawar nan, abinci yana can!"

Surukai biyu a numfashi ɗaya.

Na sauke hannuna, na waiwaya, sai ga ta. Ashe ta biyo ni ta cikin dawar, Safiya tana riƙe da hannunta, suna tsaye dab da motar, har ina ganin zanen furen da ke jikin tob ɗinta. Ta ji komai. Sunanta da na mijinta, daga bakin mutumin da ko atishawa ba ya yi da ƙarfi a gabanta, kuma daga saman mota.

Na so motar ta tashi da ni ta tsallake iyaka ta shiga Habasha. Ko takalmi ban tuɓe ba. Na tsaya ina tunanin ko in durƙusa a nan bayan motar, ko in sauko tukuna, sai na yi rabi da rabi: na tsuguna ina riƙe da ƙarfe, kamar ragon da za a kai kasuwa.

Surukata ta gyara tob ɗinta. Ba ta dube ni ba. Ta dubi Safiya ta ce, da muryarta ta kullum, "Ki gaya wa mutumin nan ya ƙara faɗa. Na can bakin hanya ba su ji ba."

Safiya ta ciji leɓe, ta ɗago kai ta ce, "Inna ta ce ka ƙara."

Na miƙe na ƙara.

Dariyar da aka yi a gonar nan, na tabbata an ji ta a kasuwar hatsi. Amma masu tafiya sun juyo. Wani dattijo ya ce, "Ita ce? Ai da ka faɗa tun jiya. Matar da ta yi wa uwar 'ya'yana wankan jego?" Wani ya ce ita ta tsaya a kan girkin bikinsa. 'Yan kaɗan da suka san da maganar gonarta tun farko, ashe sun ɗauka gayya biyu ake yi, suka ce bari su fara da mai sa su ƙare da mai akuya.

Haj Ɗahiru ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce, "Ustaz, ko taraktata ba ta taɓa yi mini aiki da arha haka ba." Sannan ya je gaban surukata ya durƙusa. "Hajja, na ci gayyarki ban sani ba. Ki ba ni zuwa gobe." Nan take ya tura motar gari aka ciko ta da burodi da wake, don akuya ɗaya ba za ta kai ko'ina ba a wannan taro. Aka ci, aka sha jabana a inuwa har rana ta yi sanyi, sannan aka faɗa wa gonar surukata. Hannu ya gaji, ba a gama ba ranar. Washegari da safe Haj Ɗahiru ya ɗebo nasa 'yan ƙwadagon daga Hawata suka ƙarasa, a bayan motar kuma ga akuya mai ciki a ɗaure.

Surukata ta ce, "Haj, ai ba a biyan gayya."

Ya ce, "Ba biya ba ne, Hajja. Tara ce aka ci Ustaz, ni na ɗauke masa."

Ba zan ce ba a yi asara ba. Kusurwar gabas, inda ya fi bushewa, ta zubar da abin da ta zubar, kuma duk lokacin da na ga tururuwa a wajen nan sai in ga kamar da ƙoƙarina suka yi ƙiba. Amma mafi yawan riɗin ya shiga buhu. Ni kuwa na ƙaurace wa layin gidanta, ina zagayawa ta bayan makarantar allo, har ranar da Safiya ta shigo da kwalbar man riɗi, matsar farko. Ta ajiye a gabana ta ce, "Inna ta ce a ba mutumin nan ya shafa a maƙogwaro." Daga ranar muka koma yadda muke: ina tuɓe takalmi, tana cewa a gaya mini, Safiya tana tsakani.

Abin mamaki, ba a ƙwace mini aikin sanarwa ba. Sai dai yanzu in na zauna rubutu ba liman nake tunawa ba, ba kuma masu daraja ba. Mutumin nan nake tunawa, wanda ke tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa yana neman ɗayan. Me zai kai gida? Na wa ne, a ina, yaushe, me zai riƙo. Su nake fara sawa, kuma da na sa su sai in ɗaga alƙalami. Neman afuwa da godiya, in sun matsa mini (kuma suna matsawa), sai in rubuta su a wata takardar daban in sa a aljihu. Har yau ba wanda ya taɓa tambayarsu. Na dai gane kunya abar tsakar gida ce. In ka hau da ita lasifika, riɗin wani take yankewa.

Da shekara ta zagayo riɗin surukata ya sake nuna, layi ɗaya na rubuta, da sunanta a farkonsa, da hannuna, gumi yana ɗiga. Na miƙa wa Malam Adamu, kuma yana taɓa lasifikar na fice waje na toshe kunne da hayaniyar masu raksha. A nan Haj Ɗahiru ya same ni, fuska a ɗaure kamar wanda aka zalunta.

"Ustaz, bana ko sau ɗaya ba ka ambace ni ba. Nawa riɗin ma fa ya nuna."